Ƙofar da Tasalla Ba Ta Rufe Ba

In gari ya waye a Birnin Madatsa, Sarkin Ƙofa ne ke riga kowa fara aiki. Mai shara zai ɗora tafin hannunsa a jikin ɗakin kayan aiki, ƙofar ta yi ɗan ƙara ta buɗe. Malamar makaranta za ta taɓa allonta, sakamakon ɗalibanta ya fito, na ajin da ba nata ba ya ƙi fitowa. Likita ya nemi fayil ɗin mara lafiyarsa a miƙa masa. Ɗan kasuwa ya nemi wannan fayil ɗin, sai wata murya mai ladabi ta ce masa, "Ka yi haƙuri, wannan ƙofa ba taka ba ce."

Sarkin Ƙofa ba mutum ba ne. Manhaja ce da ke zaune cikin wasu manyan na'urori, a wani gini mai sanyi a gefen madatsar ruwa. Masana suna ce wa irin waɗannan na'urori uwar garke, mu kuwa sunan da ya fi mana sauƙi muka ba shi. Yana riƙe da sunan kowa a garin, da gidan da yake zaune, da danginsa, da aikin da yake yi. A gaban kowane suna kuma akwai mabuɗan da aka ba mai sunan. Ba na ƙarfe ba ne, izini ne kawai da aka rubuta a cikin na'ura. Waɗanda suka gina garin suna alfahari da shi ƙwarai. Sukan ce a Birnin Madatsa an daina tsayawa a bakin ƙofa ana ƙwanƙwasawa, an daina neman alfarma. In ƙofa taka ce za ta gane ka, in ba taka ba ce ko wuni ka yi a gabanta ba za ta motsa ba.

Tasalla tana zaune a wani dogon bene a Unguwar Masaƙa. Aikinta a lambun saman rufin yake, inda ake shuka alayyafo da tumatir da yakuwa a cikin bututu, ruwa na bi ta ƙarƙashin saiwoyinsu, babu ƙasa ko kaɗan. Karatunta bai yi nisa ba. Tana gane sunanta, tana gane lambobi, sauran kuwa hotuna take bi a jikin allo. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, wadda ta ci sunan mahaifiyar Tasalla, shi ya sa kowa ke kiranta Uwale.

Uwale ma'aikaciyar lafiya ce, irin masu bi gida-gida. Ita ke auna jinin tsofaffi, ta duba masu ciki, ta yi wa masu gudun asibiti faɗa cikin raha har su je. Takan maƙala wata 'yar na'ura kamar ƙwallon dabino a bakin hijabinta, mai naɗar duk abin da aka faɗa a wurin dubiya, don likita ya saurara daga baya. Saboda wannan aiki ne Sarkin Ƙofa ya ba ta mabuɗin fayil ɗin lafiyar kowa da kowa a unguwar.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama ta. Ta ce gajiya ce, ta ci gaba da hawa benayen mutane. Da aka kai ta asibiti injuna sun yi iya yinsu, amma kwananta ya ƙare. Ba ta kasance mai son ɗaukar kanta ba. Hotuna kaɗan ta bari, murya kuwa ba ta bar ko ɗaya a gidan ba.

A nan sai na yi bayanin ƙofar gaisuwa, don a kanta maganar take. Farkon kafa garin, in an yi rasuwa, 'yan'uwa su zo daga ƙauye sai ƙofar bene ta hana su shiga, wai ba ta san sunansu ba. Tsofaffi su yi cirko-cirko a rana da butocinsu. Dattawan gari suka ce wannan abin kunya ne, gidan mutuwa ba a tambayar mutum ko shi wane ne. Sai aka yi gyara. Da zarar an sanar da rasuwa, ƙofar benen mamaci takan buɗe ga kowa har zuwa addu'ar bakwai. A kan allo kuma akan buɗe wani shafi mai hoton zaure da tabarmi, inda na nesa zai shiga ba tare da tafin hannu ba, ya bar gaisuwarsa da murya. Shi wannan zaure ba ya rufe kansa. Sai mai gida ya ɗora hannu ya ce, "Mun tashi." Kuma kusan babu mai yin haka. Wa zai rufe zaure a fuskar mai zuwa gaisuwa? Wataƙila akwai wani ɗan'uwa a nesa da labari bai kai masa ba tukuna.

Tasalla ma ba ta rufe nata ba. In ta sauko daga lambu bayan la'asar takan zauna gaban allon bango, ta saurari gaisuwar mutane, wadda ta riga ta ji da wadda ba ta ji ba. Ban riƙe ranar ba, amma dai ruwa ya ɗauke, an fara cin sabuwar gyaɗa. Ta gama saurare, ta kai hannu kan kibiyar komawa baya don ta fita. Yatsanta ya zame, sai ta taɓa sau biyu. Maimakon allon ya koma wajen zauren, sai ga wani dogon lungu, ƙananan ƙofofi jere hagu da dama, kowace da fuskar wani da ta sani a unguwa. Ta ɗauka wasu masu gaisuwar ne. Ta taɓa fuskar Baba Ɗanjuma, tsohon tela na ƙasan bene.

"Salamu alaikum, masu gida, Uwale ce. Kai Baba Ɗanjuma, wannan tari naka tun daga tashar jirgi nake jin sa. Ina maganin da na bari, ko jikokinka ka raba wa?"

Tasalla ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Ta waiwayi ƙofar ɗaki. Babu kowa. Ta koma ta zauna a ƙasa, ta jingina kanta da bango a ƙarƙashin allon, muryar na ta zuba a kanta. Har da 'yar dariyar nan da Uwale kan yi ta hanci. Tun ranar da aka fita da gawar Uwale, Tasalla ba ta yi kuka sosai ba, sai wannan yammacin.

Daga ranar ta sami abin tashi dominsa. Ta koma cin abinci. Abokan aikinta a lambu suka ce Tasalla ta fara dangana. Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum ƙofa ɗaya ko biyu take buɗewa, tana tattali kada su ƙare. Ta riƙa gaya wa kanta ai murya take ji, ba magana ba.

Wata rana ta taɓa fuskar Hansai. Hansai ita ce mai ƙosai a bakin bene, ƙawar Tasalla tun suna amare, mace mai baki, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

"Iya Hansai, tun yaushe kika fara jin sa?" in ji muryar Uwale.

"Tun kafin azumi. Ke daina kallo na haka, goya ki na yi."

"Ƙullutu ne a nono, kuma Allah ya sa an gan shi da wuri. Injin haske na asibiti yana narkar da irinsa. Amma sai kin riƙa zuwa, ba fashi."

"'Ya'yana kada su ji. Uwarki ma kada ta ji, ta fi ni tsoro, sai ta riga ni kwanciya."

"Ba wanda zai ji. Daga ni sai likita sai Allah."

Tasalla ta kashe allon da sauri kamar ya ƙone ta. Ta ce ba za ta ƙara shiga lungun nan ba. Kashegari bayan la'asar ta shiga.

Ba a jima ba abin ya fito fili. Da safe ne, Tasalla ta tsaya sayen ƙosai kafin ta hau lambu. Mutane sun yi layi, matar ɗan Hansai na zuba yaji a takarda. Sai ga wani amalanke mai tuƙa kansa, irin na 'yan talla, shaƙe da kwalabe, da lasifika a samansa. Ya ratsa layin ya tsaya daidai gaban kaskon.

"Hajiya Hansai, barka da asuba! Muna da maganin ƙullutun nono, ba yanka, ba haske, ba zuwa asibiti. Kwalba ɗaya ta isa!"

Matar ɗan ta saki takardar yaji. Amalanken ya juya abinsa, ya je gaban shagon Baba Ɗanjuma ya kira shi da sunansa da sunan ciwon huhunsa. Daga nan ya tare wata matashiya a bakin famfo, ya yi mata tallan maganin ɓari, ita da ko uwar mijinta ba ta san ta taɓa samun ciki ba. Kafin samari su farga su bi shi da duwatsu, ya shige cikin motoci ya ɓace.

Da hantsi Hansai ta hau lambu, ta sami Tasalla a tsakanin bututun tumatir. Ba ta yi sallama ba.

"Allah ya jiƙan Uwale, Tasalla, ba na son in yi magana a kan wadda ke ƙasa. Amma ita kaɗai na buɗe wa rigata."

"Hansai, 'yata ba ta..."

"To wa? Aljani? Ko ita ta faɗa kafin ta tafi, ko asibitin ne ke sayar da mu kamar awaki. Ni da asibiti kuwa an gama. Gobe ce ranar haskena, su haska uwarsu."

"In kin daina zuwa, abin zai girma."

Hansai ta ƙura mata ido. "Ya girma. Gara ya kashe ni a rufe da in warke a kasuwa."

Kafin azahar magana ta zagaye unguwa. Wasu na cewa yarinyar nan da ma dariyarta ta yi yawa, mai shiga gida-gida ba ta rasa kwasar zance. Waɗanda suka zauna a tabarmar Tasalla suna yi wa Uwale addu'a, yanzu in sun hango uwar sai su sauke murya.

Da yamma Tasalla ta zauna gaban allon, ba ta taɓa shi ba. Ita ba masaniya ba ce, amma lissafin bai yi mata wuya ba. In ita da ba ta iya karanta rubutun allo ba ta faɗa lungun nan da kuskuren yatsa, to wanda ya fito nema fa? Zauren gaisuwa ba ya tambayar kowa suna. Ta san in ta faɗa za a toshe, in aka toshe kuma Uwale za ta ƙara yin shiru, wannan karon da hannun uwarta. Ta tuna akwai ƙofofi da yawa a lungun da ba ta kai ga buɗewa ba. Ta kuma tuna gobe ce ranar hasken Hansai.

Da sassafe ta yafa mayafi ta hau jirgin igiya, wanda ke ratsa saman madatsa zuwa Gidan Ƙofa. A bakin ginin wata na'ura mai fuskar gilashi ta tare ta.

"Barka da zuwa, Malama Tasalla. Faɗi buƙatarki, zan biya miki."

"Mutum nake nema."

"Zan iya amsa kowace irin tambaya."

"Na ji. Mutum nake nema, mai kunne biyu."

Aka kira mata Injiniya Badamasi, wani mai furfura a gemu, sanye da rigar sanyi a cikin zafin nan saboda ɗakin na'urori. Ya ba ta kujera, ya yi mata gaisuwar rashi da ya ji sunan Uwale. Labarin amalanken ya riga ya iso musu, ya ce tun jiya suke bincika ƙofofin asibiti ɗaya bayan ɗaya, duk a kulle suke.

"Ba ta asibiti ake shiga ba," in ji Tasalla. "Ta gidana ne."

"Nuna mini, Inna."

Ya juyo mata da allonsa. Ta shiga zauren gaisuwar, ta taɓa kibiya sau biyu. Lungun ya bayyana da fuskokinsa. Injiniya Badamasi ya cire tabaransa, ya mayar, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ɗan jima yana danne-danne, rubutu na gudu a gabansa, sannan ya juyo ya yi mata bayani a hankali.

"Kin ga, Inna, Sarkin Ƙofa bai iya zama da mutumin da ba shi da suna ba. Haka aka gina shi. Mai gaisuwa kuwa an ce kada a tambaye shi suna. To da aka zo yin zauren, sai aka ce a ara wa baƙo sunan mamacin na ɗan lokaci, don ya sami wurin zama. Muddin yana cikin zaure babu matsala. Amma in ya koma baya sau biyu, maimakon ya fita titi sai ya faɗa cikin gida. Shi kuma Sarkin Ƙofa gani yake Uwale ce ke yawo, da mabuɗanta a hannu."

"Ai ta rasu. Ku kuka rubuta."

"Mun rubuta ta rasu. Amma ba a karɓe mabuɗan mamaci sai ranar da aka rufe zaurensa. Mun ɗauka kowa zai rufe bayan kwana kaɗan. Ni kaina na mahaifina yana nan a buɗe, shekaru ke nan. Shi dai manomi ne, ba shi da mabuɗin kowa sai na ɗakinsa. Uwale kuwa unguwa guda ke hannunta."

Ya nuna mata wasu layuka ja a gefen allon. Ya ce sawun masu shiga ne. Nata yana nan, kullum bayan la'asar, daga gidanta. Sauran daga wajen gari suke, kuma suna kwasa ne ba saurare ba. Har a wannan safiya akwai wanda ke ciki.

"To ku toshe mana."

"Za mu yi wa manhajar faci, amma sai an gwada shi, in ba haka ba ƙofofin asibiti ma za su iya cijewa da marasa lafiya a ciki. Zai ɗauki kwanaki. Kashe zaurukan gari duka kuma sai majalisa ta zauna, don dattawa sun sa an yi doka kada wani ofis ya tashi makokin kowa. Amma naki, Inna, ke kina iya rufe shi yanzu-yanzu."

Tasalla ta dubi hannunta. "In na rufe, muryar fa?"

"Za ta zauna a fayil ɗin masu ita. Likita kaɗai zai ji."

"Ɗan nan, ka cire mini ko guda ɗaya. Ba ni da wata. Ko tari ta yi, ka ba ni."

Ya sunkuyar da kai. "Muryar 'yarki ce, Inna, amma maganar ta marasa lafiya ce. In na ɗauka na ba ki ba da saninsu ba, ni da mai amalanken nan mun zama ɗaya."

Ba ta yi masa gardama ba, don ta san abin da ta ji a ƙofar Hansai. Ta tashi ta matsa kusa da allon. Jan layi ɗaya yana motsi a gefe, wani yana can yana kwasar asirin maƙwabtanta da sunan 'yarta. Ta ɗora tafin hannunta a kan hoton tabarmar. Injiniya Badamasi ya juya ya ba ta baya, yana duban bango.

"Mun tashi," in ji Tasalla.

Tabarmar ta naɗe kanta a jikin allon. Lungun ya ɓace, jan layin ya tsaya cak. Muryar nan mai ladabi ta ce, "Allah ya jiƙan wadda ta rasu, ya ba ku haƙuri."

Kafin ta iso gida sanarwa ta fito a kowane allo a garin. Gidan Ƙofa suka ce ɓarakar daga manhajarsu take, ba daga asibiti ba, ba kuma daga bakin wata ma'aikaciya ba. Suka ambaci sunan Uwale suka ce ta riƙe amana har ta koma ga Allah. Suka roƙi duk mai zauren gaisuwa a buɗe ya rufe. Ranar aka gane yawan gidajen da ba su taɓa tashi daga makoki ba: na malamai, na ma'aikatan kotu, na masu gadin rumbun magani, kowa ya tafi da mabuɗansa a rataye a zaure.

Tasalla ba ta hau ɗakinta ba, wajen Hansai ta nufa. Ta same ta zaune, kasko a kife.

"Kin ga sanarwa?"

"Na gani," in ji Hansai, ba ta ɗago ba. "Na ci naman yarinya a banza. Allah ya yafe mini."

"Akwai saura. Ni ma na shiga lungun nan, Hansai. Muryarta nake bi. Na ji naki."

Hansai ta ɗago. "Kin ji?"

"Na ji."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kina zuwa kina sayen ƙosaina, kina kallo na, kin sani?" Ta ja tsaki mai tsawo. "Har inda na ce kin fi ni tsoro kin ji?"

"Har nan."

"To ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ƙarya ba. Tashi ki sa mayafi, rana na yi. In kin ƙi, ni zan je in kwanta a injin a haska ni a madadinki."

"A haska me? Ƙashi?" in ji Hansai. Amma ta tashi. A cikin jirgi ba ta yi wa Tasalla magana ba, sai da suka kusa sauka ta kama hannunta ta riƙe.

Bayan kwanaki aka sa facin. Yanzu da an sanar da rasuwa ake karɓe mabuɗan mamaci, baƙon zaure kuma an yi masa nasa sunan na baƙo, wanda ba ya buɗe komai. An kama masu amalanken a wani gari. Abin da suka riga suka kwasa dai ya tafi, ba a iya dawo da shi daga kunnuwan da suka ji ba. Matashiyar nan ta bakin famfo ta bar unguwar ita da mijinta.

Tasalla ta koma lambu. Bayan la'asar takan zauna a ɗaki, allon a kashe. Wannan shirun ya fi na farko nauyi, amma tana iya haɗa ido da mutane a matakala.

Ashe Hansai ba ta zauna ba. Ta je Gidan Ƙofa da kanta, ta tsare Injiniya Badamasi ta ce, "Kai ka ce maganar tamu ce. To in mai abu ya ce a bayar fa?" Ya ce in mai fayil ya yarda, ya ɗora hannunsa, ana iya yanko sallama da gaisuwa kaɗai, a bar maganar ciwo a inda take. Sai dai babu wata hanya a cikin manhajar ta tambayar mutane irin wannan. Ba a taɓa tunanin za a buƙace ta ba.

"Ni ce hanyar," in ji Hansai.

Haka ta riƙa bin benaye, tana hutawa a matakala saboda hasken asibiti na sa ta jiri. Ƙofofin ba nata ba ne, ba sa buɗe mata, don haka sai ta riƙa ƙwanƙwasawa da hannu. Mutane suka riƙa fitowa a firgice, don an manta da wannan ƙara a garin. Takan ce, "Alfarma na zo nema, ba tawa ba, ta uwar Uwale." Baba Ɗanjuma ya ce a ba ta duka har da tarin. Wasu suka ce sai sun yi shawara. Wasu suka ce a'a, abin da ya faru ya ishe su, Hansai ta ce sun yi daidai, ta wuce ƙofa ta gaba.

Ranar wata Juma'a da hantsi suka zo, ita da Injiniya Badamasi. Shi ma ƙwanƙwasawa ya yi. Ya miƙa wa Tasalla wata 'yar na'ura kamar ƙwallon dabino, irin wadda Uwale ke maƙalawa a hijabi. Ya ce ba ta haɗe da uwar garke, ba ta haɗe da komai, nata ne ita kaɗai.

"Yanzu dai kun toshe duka?" in ji Tasalla.

"Mun toshe wannan, Inna. Da muka shiga dubawa mun sami wasu biyu, mun toshe su. Akwai waɗanda ba mu gani ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Mun tara asirin gari guda a ɗaki ɗaya, muka ce ƙofa za ta san kowa. Har yau ina tunanin ko ya kamata a tara shi haka."

"Ka yi tunaninka a hanya," in ji Hansai. "Matsa mata abin ta ji."

A garin da aka gina don kada kowa ya ƙara neman alfarma a bakin ƙofa, abin da ya fi komai daraja a ɗakin Tasalla da ƙwanƙwasawa aka samo shi, ƙofa bayan ƙofa, a hannun mace mai ciwo. Sarkin Ƙofa yana nan yana aikinsa, kullum yana riga kowa tashi. Ya san sunan kowa. Bai san wa zai ce e ba in an roƙe shi.

Tasalla ta matsa na'urar.

"Salamu alaikum, masu gida, Uwale ce."

Sai kuma wata, a wani gidan, da ƙarar ruwan sama a bayanta. "Salamu alaikum, masu gida, Uwale ce. Kun tashi lafiya?"

Hansai ta juya fuska tana gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba. Tasalla ta riƙe abin a tafin hannunta, ta jira sallama ta gaba ta ƙare.

"Wa alaikumus salam," ta ce. "Shigo, 'yar nan. Lafiya lau muka tashi."